Ranar da Baba Ya Faɗo Daga Kan Kujera

Maigidan mai gyaran firji ne, matarsa kuma ma'aikaciyar jinya. Sun daɗe suna karanta wa 'ya'yansu uku Littafi Mai Tsarki kowace safiya, sun kuma daɗe suna ganin abin da karatun yake haifarwa. Yaya, babbar, ta ƙware wajen yin barci ido buɗe. Na tsakiya, wanda ake kira Lauya saboda gardamarsa, aikinsa tambayar ƙarfe nawa. Auta kuwa gefen tabarma take tsinka.

Mama ce ta kawo shawarar a riƙa yin labaran a falo kamar wasan kwaikwayo duk ranar Asabar. Abin ya karɓu. Sai dai duk rawar da yara suka ƙi, Baba ake ba. Ya yi kifi, ya yi raƙumi, ya yi katangar birni har aka rushe shi.

Labarin da ya fi shiga ransu shi ne na matafiyin da 'yan fashi suka yi wa duka suka yar a bakin hanya. Firist, wato shugaban addini, ya gan shi ya wuce, ma'aikacin haikali ma ya wuce, sai wani baƙo da kowa ya rena ya tsaya, ya zuba masa mai a raunukansa, ya ɗora shi a kan jakinsa. Yaya ce firist, da zanen gado a kafaɗa. Lauya ne ma'aikacin haikali, Auta ce baƙon. Baba shi ke kwanciya a lungun da ke tsakanin falo da kicin yana nishi.

Mama ba ta taɓa gamsuwa da nishin ba. "Maigida, ni kullum nishi nake ji a wurin aiki. Naka na wanda ya ƙoshi ne."

Wata Asabar Mama tana aikin safe, ƙwan fitilar lungun ya mutu. Tsani yana shagon Baba, sai ya jawo kujerar roba ya hau. Ƙafar kujerar ta baya ta yi waje. Ya sauko da baya, ƙwan yana hannunsa ko tsagewa bai yi ba. Ya yunƙura zai tashi, ƙugu ya ƙi. Ya fara nishi.

Yaya ta leƙo ta gan shi. Ta koma ɗaki da sauri, ta fito da zanen gado a kafaɗa, ta ɗaga haɓa, ta bi jikin bango.

"Yaya, bayana," in ji Baba.

"Baba, firist ba ya tsayawa," ta faɗa a hankali, ta shige kicin.

Lauya ya biyo baya. Ya tsaya ya duba shi sama da ƙasa.

"Kai, Baba, yau nishin ya yi. Da ma Mama tana nan."

"Kira mini ita a waya."

"A zamanin labarin babu waya. Kuma ba a ce akwai kujera a wurin ba." Ya tsallake ƙafafun Baba ya wuce.

Can sai ga Auta rungume da galan ɗin man girki. A wasa murfin a rufe ake barinsa, amma yau ba Mama. Ta zuba masa a gwiwa, ta zuba a ciki, ta ɗan ƙara a goshi. Sannan ta turo ɗan kekenta har gefen kunnensa.

"Hau jaki."

"Auta, ba zan iya ba."

Ta kama hannunsa da hannu biyu ta ja. Ƙarar da Baba ya yi ba ta cikin kowane labari da suka taɓa yi. Auta ta sake shi, ta duba fuskarsa, ta ga hawaye yana bin mai zuwa kunne. Ta fashe da kuka. Yaya ta yar da zanen ta fito a guje, santsi ya kwashe ta, ta iso wurin Baba a zaune.

Lauya ne ya kira Mama. Ta iso da kayan aiki a jikinta, ta tsaya a bakin lungun tana kallon mijinta yana ƙyalli.

"Soya shi za ku yi?"

Ta durƙusa ta danna nan, ta danna can, ta sa ya motsa yatsun ƙafa. A asibiti aka ce babu karaya, jijiya ce, ya kwanta ya huta.

Yaya ta ƙi cin abinci ranar. Washegari bayan an dawo daga coci ta shigo ɗakin Baba da Littafin a hannu, yatsanta a tsakanin shafuka. Ba wanda ya aike ta.

"Baba, na karanta da kaina. Ba a faɗi abin da ya sa firist ɗin ya wuce ba."

"Ke me kike gani?"

Ta sunkuyar da kai. "Wataƙila ya san akwai mai zuwa a bayansa. Ni ma na san Auta tana zuwa."

Baba ya sha bayyana musu labarin nan, amma wannan bai taɓa zo masa ba. Ya miƙa hannu ya dafa kanta.

Lauya, da ke laɓe a bakin ƙofa, ya ce bai yarda ba, mutumin dai ya makara ne zuwa sujada. Yaya ta ce ya nuna mata inda aka rubuta haka. Ya karɓi Littafin ya duba, bai samu ba, amma bai mayar ba. Tun daga ranar, da sun dawo makaranta sai su haye gadon su ukun, Yaya tana karantawa, Lauya yana ƙin yarda, Auta tana tambayar ko akwai jaki a ciki. Duk wanda ya motsa, ƙugun Baba ya amsa. Bai kore su ba.

Ran Alhamis Lauya ya ɗago daga shafin da yake dubawa.

"Ga wani nan. Mutum ne ba ya iya tashi daga shimfiɗa. Abokansa huɗu suka ɗauke shi, suka fasa rufin gida, suka zuro shi ta sama."

Su ukun suka dubi Baba. Sannan suka dubi silin.

"Mu uku ne," in ji Yaya. "Da Mama huɗu."

Mama ta shigo da magani da kofin ruwa. Ita ma ta dubi silin ɗin, ta ɗan jima.

"Gidan haya ne," ta ce. "Maigida, buɗe baki."