Tukunyar da Ƙusa Ta Kasa Hudawa

Tsarki ya tabbata ga wanda Ya ɓoye ƙarafa a cikin ƙasa, Ya hore wa mutane fito da su. Sanin inda kowane ƙarfe ya dace kuwa, wannan baiwa ce dabam, ba kowa aka ba ba.

Desmond Pryce likitan haƙori ne a Melbourne. Shekara biyu ke nan yana bin wata ƙungiyar masu yawon daji a matsayin baƙo, kuma babu abin da yake buri kamar a karɓe shi, a ba shi mabuɗin bukkarsu ta kan tsauni. Sharaɗin shiga ɗaya ne tun kafuwar ƙungiyar. Sau ɗaya a shekara, a bakin kogin Howqua, mai neman shiga zai dafa shayi a kan wutar itace, ya riƙe tukunyar ta mariƙinta na wayar ƙarfe, ya wulwula ta sama da ƙasa sau uku don ganye ya kwanta. In ɗigo ya zuba, sai baɗi.

Desmond ya yi shiri. Ya yi wata guda yana wulwula bokitin ruwa a bayan gidansa. Sannan ya sayi tukunyar titaniyom, ƙarfen da ya fi kowanne rashin nauyi a cikin masu ƙarfi, domin shi mutum ne mai auna kayansa a sikeli kafin tafiya, har ya yanke rabin buroshin haƙorinsa don rage wa jakarsa nauyi.

Ranar taron, da hantsi, ya fito da tukunyar tana ƙyalli.

"Ba ta tsatsa, ba ta lotsewa, ba ta hujewa," in ji shi. "Jikokina ma za su gaje ta."

Merv Tolhurst, dattijon ƙungiyar, ya karɓa ya jinjina ta a tafin hannu. Shi nasa abin dafa shayin tsohon gwangwanin 'ya'yan itace ne da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin.

"Likita, wannan tukunya ce ko ƙwanson ƙwai? Ka riƙe ta da kyau kada iska ta kai ta New Zealand."

"Baba Merv, zamani ya wuce gwangwani."

"To, madalla. Ɗora mu gani."

Gaskiya tukunyar ba ta ba shi kunya a kan wuta ba. Ruwa ya tafasa kafin Merv ya gama ɗaure takalminsa, gindinta ya rine shuɗi da shunayya, har mata suka matso kallo. Desmond ya zuba ganyen shayi, ya jefa ganyen itacen turare guda kamar yadda ake yi. Ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ya tsaya. Bokitin da ya yi ta gwaji da shi yana da mariƙi a sama. Wannan kuwa 'yan hannuwa biyu ne gare ta a gefe, masu naɗewa kamar fikafikan malam-buɗe-littafi.

Glenys Harkin, magatakardar ƙungiyar, ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗan'uwa, da me za ka wulwula? Da kunnenta?"

"Ai abu mai sauƙi ne," in ji Merv. "Huda biyu a baki, a zura wayar shinge. Haka ubana ya yi wa nawa. Kuma huda ai sana'arka ce."

Aka juye shayin, aka kawo ƙusa da dutse. Desmond ya durƙusa ya buga. Ƙusa ta zame. Ya sake bugawa, ta lanƙwashe. Aka kawo ta biyu, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ya gwada turken tanti, dutsen ya samu babban yatsansa. Tukunyar ko ƙwarzane na kirki ba ta yi ba.

"Ce mata ta buɗe baki da kyau, Likita," wani ya faɗa daga baya. "Ko sai an yi mata allura?"

Merv, wanda ba mugu ba ne, ya miƙa masa gwangwaninsa. "Ungo. Doka ba ta ce sai da taka ba."

Desmond ya dubi baƙin gwangwanin, ya tuna abin da ya faɗa a kansa ɗazu a gaban mutum goma sha huɗu. Ƙofa ce aka buɗe masa, girman kai ya hana shi shiga.

"Na gode, Baba. Tawa ta isa."

Ya naɗe waya a hannuwan gefen, ya zagayo da ita ta wuyan tukunyar, ya sake dafa shayi. Ya miƙe, ya ja numfashi, ya wulwula. Zagaye na farko ya tafi lafiya. A na biyu wayar ta sulɓe daga wuyan, tukunyar ta karkace ta tashi sama, shayi ya watsu a kan tantin Glenys. Tukunyar ta daki dutse, ta yi tsalle, ta gangara har bakin ruwa.

Merv ya je ya ɗauko ta, ya juya ta ta kowane gefe. Ko lotsawa babu.

"Jama'a, mu faɗi gaskiya," in ji shi. "Ta sha wuta, ta sha ƙusa, ta sha dutse, ba ta yi ƙorafi ba. Ina ba da shawara a karɓe ta cikin ƙungiya. In ta ga dama, ta riƙa zuwa da mai ita a matsayin baƙo, har baɗi."

Hannuwa suka tashi. Glenys ta tambaya ko akwai mai ja, Desmond ya ɗaga hannunsa mai kumburarren yatsa.

"Sauke, Likita," in ji ta, tana rubutu. "Baƙo ba ya da ƙuri'a."