Makullin Mai Hoto

"Ya ƙi buɗewa, Baba," in ji Auta, tana juyo da sabuwar kwamfutar wajen gadon mahaifinta. "Wai sai an ba shi lambobi arba'in da takwas."

Maɗinkiya, maƙwabciyarsu, tana tsaye bakin ƙofa da kwanon abincin da ta kawo wa mara lafiya. Ta san ɗan baƙin faifan ajiyar hotunan da ke jone da kwamfutar, wanda bai fi sabulu girma ba. Aikin mahaifin Auta ne, Mai Hoto, na shekara talatin, duk wani aure da haihuwa da aka yi a layin yana ciki. Shi ya kulle shi da hannunsa, don a cewarsa fuskokin mutane amana ce. Tsohuwar kwamfutarsa ta san makullin, tana buɗe faifan ba tambaya. To, ita ta mutu makon jiya, sabuwar kuwa ba ta san kowa ba.

Mai Hoto ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Maƙwabciya, hoton da na ba ki yana nan a bangon shago?"

"Yana nan, Malam."

"Je ki juya bayansa."

Ta je ta juya. Lambobi shida ne da biro, da ɗan "1" cikin da'ira. Shekara takwas tana share masa ƙura ba ta sani ba. Ashe mutumin ya raba makullin kashi takwas, ya rubuta kowane kashi a bayan hoton da ya ba wani maƙwabci kyauta.

"Takarda ɗaya, ɓera ɗaya ya ishe ta," ya ce da ta dawo. "Amma wane ɓarawo ne zai shiga gida takwas?"

Kwana biyu Maɗinkiya ta rufe kekenta tana bin gidaje. Na mai kanti yana bayan sikeli. Na malamar makaranta tsaf cikin littafi. Na direba kuwa sai da matarsa ta ɗaga katifa tana mita. Bakwai suka taru a kan tebur.

Na takwas yana hannun Bakanike, kuma a nan gizo ke saƙar. Shekara shida ke nan ko gaisuwa ba sa yi, tun ranar da ya ajiye wata mushen mota a ƙofar shagon hoto ta tare haske.

"Baba, har da shi?" in ji Auta, kamar za ta yi kuka. "Ai ya daɗe da yaga shi."

"Faɗa muka yi," Mai Hoto ya ce a hankali. "Ban taɓa cewa ba shi da amana ba."

Sau biyu Maɗinkiya ta je gareji, aka ce ya yi tafiya. Ranar Alhamis da hantsi Mai Hoto ya cika, faifan yana gefen matashinsa a kulle.

Kwana uku da rasuwar, ana zaman gaisuwa, sai ga Bakanike a bakin ƙofa da baƙin mai a faratansa. Ya yi ta'aziyya kansa a ƙasa. Sannan ya zaro wata leda mai hoto a ciki daga aljihun ƙirji ya miƙa wa Auta.

"Cewa ya yi in riƙe. Bai faɗa mini ranar da zan daina ba."

Maɗinkiya ce ta karanto lambobin, Auta tana dannawa. Faifan ya buɗe. Kowane gida da jakar hotunansa, kowace shekara a wurinta, har waɗanda suka tashi daga layin tuntuni. Maɗinkiya ta ji alfahari ya cika mata ƙirji. Wannan mutum maƙwabcinta ne, bango ɗaya ya raba su, kuma ko mutum ɗaya cikin takwas ɗin da ya zaɓa bai ba shi kunya ba.

Auta ta yi ta neman hoton mahaifinta. Babu. Mai ɗaukar kowa bai taɓa tsayawa an ɗauke shi ba.

"Tsaya, 'yata, koma baya," in ji Maɗinkiya.

Wani tsohon hoto ne na shagonta, tana kan keke da tef a wuya. A madubin gwajin kaya da ke bayanta, ga Mai Hoto nan a duƙe, kyamara ta rufe rabin fuskarsa, ɗaya rabin yana murmushi.