Ranar Zuba Dekin

"Na biyu," in ji Foman, shugaban ma'aikatan ginin, yana tsallake rodi da waya a kunne. "A'a, tsaya. Na uku."

"Na farko ne," in ji Malama, matarsa, daga gida. "Baban yara, wannan tambayar ko jiya sai da ka faɗi ta. Da a ajina kake, da yanzu kana durƙushe a gaban allo."

Bai yi dariya ba. Yana tsaye a saman hawa na uku na ginin, ƙasansa katako, kewaye da shi rodi a ɗaure kamar raga, ga injin tura kankare yana ruri. Jiya ya kamata a zuba wannan dekin, wato rufin kankare na hawan, injin ya lalace a hanya, sai yau da safe ya iso. Yau kuma ita ce ranar jarrabawarsa, da azahar, a wancan ƙarshen gari.

Shekara da shekaru yana riƙe da gine-ginen kamfanin ba tare da wani ya tambaye shi takarda ba. Bana Manaja ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, har da ruwan sanyi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce masu babban aikin da ke tafe sun kafa sharaɗi, ba mai shugabantar fili sai mai takardar shaidar sarrafa aikin gini. In bai samo ta a wannan zaman ba, za a kawo wani a ɗora a kansa. Tun ranar ya koma ɗalibi da furfurarsa, Malama na karanto tambayoyi, shi yana amsawa a bakin shinge, a cikin bas, har a layin aski.

Manajan nan dai shi ne ya bugo da sassafe ya ce, "Na san da jarrabawarka, amma ka ga an zuba dekin nan tukuna." Kamar mutum zai raba kansa biyu.

Kankare kuwa ba ya jiran kowa. In an fara zubawa ba a tsayawa, don in na farko ya sha iska ya ƙame kafin na biyu ya same shi, ba za su haɗe ba har abada, nan ruwa zai riƙa bi duk damina. In tsayawa ta zama dole, akwai inda ake kafa katako a yanke aikin, ba a tsakiyar fili ba, ba kuma a kan ginshiƙi ba. Foman bai taɓa barin wani ya zaɓi wurin nan ba. Gaskiya ma dai, ba abin da ya taɓa bar wa wani. Ko ƙusar labule Malama ta buga a gida, sai ya zare ta ya sake bugawa.

Motocin farko suka zo a kan kari. Leburori na baza kankare da shebur, mai injin girgiza na bin su, Foman na bin mai injin girgiza yana faɗa masa abin da ya riga ya sani. Rana ta ɗaga, rabin dekin ya rufu. Ya duba agogo, ya sake dubawa.

Baba Birkila ya matso yana goge hannu a wando. Shi ne babba a magina, sun daɗe tare har sun san tarin juna.

"Foman, ka tafi mana."

"In tafi in bar wa wa?"

"Ka bar wa iska. Mu da ke tsaye nan gumaka ne? Saura mota biyu. Je ka rubuto mana takardar nan, kar a kawo mana wanda zai riƙa kiranmu taro kullum."

Ya yi ta jan ƙafa. Ya nuna kusurwar da ba a girgiza sosai ba, ya ja kunnen kafinta ya riƙa leƙa turakun da ke ƙasa, ya ce a jiƙa buhunan rufi. Baba Birkila na ta cewa to, to, yana tura shi wajen matakala. A ɗakin ajiya ya cire hular kwano da takalmin roba, ya sa farar rigar da Malama ta goge masa da takalmin fita. Ya ji kansa wani iri, kamar wanda ya ari jikin wani.

Mai babur ya ɗauke shi a bakin ƙofa. Sun yi nisa, sun wuce kasuwar kayan gini, har ya fara maimaita amsoshi a zuci, sai ya hango ta a ɗaya hannun titi. Motar kankare ce ta kamfanin da ke kawo musu, an buɗe gabanta, direba na ƙarƙashi, ƙafafunsa kawai ake gani. Tulun da ke bayanta, wanda ya kamata ya riƙa juyawa, yana tsaye cik.

Ya taɓa kafaɗar mai babur. Wannan ita ce mota ta gaba, kuma can sama ba wanda ya sani.

"Dakata," ya ce wa mai babur.

Ya kira Baba Birkila, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya kira kafinta, a kashe. Ya sake kiran Baba Birkila. Ya san dalili sarai, shi da bakinsa ya hana taɓa waya a lokacin zubi, har ya taɓa korar mutum a kan haka. Yana tsaye a gefen titi, zufa na bin farar riga, yana ganin bakin kankaren nan a ransa yana ƙamewa a tsakiyar fili, suna tsaye da shebur suna jiran motar da ba za ta zo ba. Gaba jarrabawa, baya dekin. Ya ji kamar an zuba masa kankaren a ƙafa.

"Yallaɓai, gaba za mu yi ko baya?" in ji mai babur. "Ni duk ɗaya ne a wurina."

In ya je ya kafa katakon ya juyo nan take, zai iya kaiwa. Haka ya gaya wa kansa, kuma ko a lokacin bai yarda ba.

"Baya."

Motar da ta lalace ta riga ta haɗa cunkoso a hannun komawa. Suka yi ta kutsawa tsakanin motoci, gwiwarsa na gogar ƙarfe. Da suka isa ya hau matakala da gudu, numfashi na neman ƙwace masa, takalmin fita na nutsewa a jiƙaƙƙen siminti.

A sama ya tarar da shiru. An kashe injin. Leburori na zaune a inuwar tankin ruwa suna hira. Katako na kafe daga wannan gefe zuwa wancan, a miƙe, an tokare shi da kyau, rodi na leƙowa ta cikinsa. Ya taka a hankali ya je ya tsaya a kansa. Ya auna da ido daga ginshiƙi. Daidai inda shi zai sa ne, ko taki ɗaya ba a kauce ba. An rufe sabon zubin da jiƙaƙƙun buhuna.

Baba Birkila ya ɗago daga wankin cokalinsa, ya yi sororo.

"Lafiya? Me ka manta?"

"Motar ta lalace a hanya."

"Ai da muka ga shirun ya yi yawa muka yanke. Ba haka kake yi ba?" Ya dubi farar rigar, ya dubi takalmin, ya dubi rana. Muryarsa ta sauka. "Foman, kar ka ce min dawowa ka yi."

Foman ya nemi abin gyarawa. Ya bi katakon da ido daga farko har ƙarshe, ya taɓa shi da ƙafa ko zai motsa. Bai motsa ba. Da ya sami ko ƙusa ɗaya a karkace, da ya ji sanyi a ransa. Daga nesa aka fara kiran sallar azahar, kuma ya san a wancan ƙarshen gari ana rufe ƙofar zauren jarrabawa. Ga baƙin ciki, ga ba wanda zai ɗora wa laifi.

Ya zauna a kan bulo. Wayar ta yi ƙara a aljihu, ya ɗauka ba tare da ya duba ba.

Muryar Malama ce, ba wasa a cikinta ko kaɗan.

"Baban yara," ta ce, "na kira ne ina fatan in ji wayar a kashe."