Hoton Mai Lema

Kwana tara da rasuwar matarsa, 'yarsa ta roƙe shi abin da kowa zai ce ya fi komai sauƙi a wurin mai ɗaukar hoto. Tana durƙushe a tsakar ɗaki tana ninke zannuwan marigayiyar, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Baba, hoton Umma nake so. Guda ɗaya ya ishe ni. Jikarka ba za ta tuna fuskarta ba, ina so ta taso tana ganinta."

"To, gobe," in ji shi.

Kalmar ta fita tun kafin ya yi tunani, don bakinsa ya saba da ita. Sai da kalmar ta fita ya ji ta da kunnensa. Jibi da safe 'yar za ta koma garin mijinta, tafiyar yini guda a mota, kuma ita kaɗai Allah ya ba su. Ya saka takalmi ya fita kamar mai sauri, alhali bai san abin da zai je ya ɗauko ba.

Mai Hoto ake ce masa, shekara talatin da huɗu ke nan. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin tela da mai gyaran agogo, da labule shuɗi a bango da kujera ɗaya mai gurguwar ƙafa wadda rabin garin ya zauna a kai. Ya ɗauki 'yan makaranta da masu neman aiki, ya ɗauki jarirai suna tsala ihu da angwaye suna zufa cikin sababbin kaya. Amma a wurinsa wannan duk neman abin sawa a baki ne. Aikin gaske, wanda yake ɗaga kafaɗa in ana maganarsa, shi ne faɗuwar rana a kan tafkin da ke bayan gari.

Yana da doka, kuma bai taɓa karya ta ba. Fim ɗinsa hoto talatin da shida yake ci. Talatin da uku na mutane ne, uku na ƙarshe na rana. Ko wane ne ya zo, in lambar kyamara ta kai talatin da uku, sai ya ce fim ya ƙare, a dawo gobe. Da la'asar sakaliya ya rufe shago, ya ta da babur, matarsa ta hau baya rungume da ƙafafun kyamara da wata tsohuwar lema baƙa. A bakin tafki ita ce mai tsayawa a bayan kafaɗarsa ta hagu, ta buɗe lemar ta tare masa iska da hasken da ke shigar wa kyamara ta gefe. Masunta suka sa mata Mai Lema, sunan ya bi ta har cikin unguwa.

Ita kuwa bakinta ba ya shiru. Yana leƙen kyamara tana ba shi labarin maƙwabta, tana tsokanarsa cewa shi kaɗai ne mutumin da ke zuwa rakiyar rana kullum kamar ba ta san hanya ba. Wani lokaci, in ta ga ransa fari, sai ta ce ya ba ta ɗaya daga cikin ukun nan. Amsarsa ɗaya ce tun suna matasa: rana ba ta faɗuwa iri ɗaya sau biyu, ita kuwa tana gida, ina za ta? Gobe zai ɗauke ta a shago, da fitila da labule, yadda ya kamata. Sai ta yi dariya ta ce Allah ya kai mu goben. Zuwa wurin wani mai hoton kuwa bai taɓa zuwar mata a rai ba. Matar Mai Hoto guda ta zauna a kujerar wani? Ai da garin ya samu abin taunawa na wata guda.

Ya buɗe shagon da hantsi, ya juya allon ƙofa ya nuna a rufe yake. Ya sauko da kwalayen takalmi da yake adana aikinsa a ciki, kowanne da shekararsa a rubuce, ya zauna a ƙasa ya fara. Rana ja kamar garwashi. Rana a bayan hadari. Rana ta taɓa ruwa ta miƙa wata doguwar hanya mai walƙiya har gaɓa. Kwale-kwale babu kowa a ciki, don yakan jira masunci ya sauka tukuna. Mutum, a cewarsa, ɓata hoto yake yi. Hotuna ne masu kyau, babu mai musu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jefarwa gefe kamar takardun banza.

Tela ya leƙo ya yi masa gaisuwa, ya ga shagon a hargitse, ya tambayi me ya ɓata. Da ya ji, sai ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, ya ce in Mai Hoto ba shi da hoton matarsa to shi ma tsirara yake kwana. Ya ga fuskar maƙwabcin nasa, dariyar ta maƙale masa. Ya ce Allah ya sa a dace, ya ja ƙofa a hankali.

Akwai kwali guda na hotunan da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Nan ma ya duba, ko da yake ya san wauta ce. Fuskoki ɗari-ɗari na mutanen da ko sunansu bai riƙe ba, kowace ya gyara mata haske, ya ce ɗaga haɓa, ya ce saki fuska. Akwai wani mai tabo a goshi da ya ɗauka sau huɗu saboda inuwa tana sauka a idonsa. Mai Hoto ya riƙe hoton mutumin nan ya daɗe yana kallo, haushin kansa ya kama shi.

Sai hotunan auren 'yarsu, inda ya sa ransa sosai. Ga amarya, ga ƙawaye, ga dangin ango a jere, har da direban da ya kawo kujeru. Uwar amarya ba ta ciki. Yana kallon na ƙarshe abin ya dawo masa. Yini guda tana can baya wurin tukwane, sai da yamma ta yi wanka ta fito cikin sabon leshi ta tsaya a gabansa ta ce yau kam babu gobe. Ya duba lambar kyamara, talatin da uku. Ya duba sama, gajimare ya fara yin ja irin wanda ba a samu sau biyu a shekara. Ya ce mata yanzu zai dawo. Ga ukun nan a ƙasan ambulan, kuma sai a faɗi gaskiya, suna daga cikin mafi kyau da ya taɓa ɗauka.

A gida da yamma 'yar ba ta tambaye shi ba, ta dai dube hannunsa ta ga babu komai. Ta ce ta yi wa kawunta magana, ya ce da akwai wani hotonta na lokacin 'yan matanci, amma ya ɓata tun ƙaurarsu ta farko. Ta ce kada ya matsa wa kansa, ko wanda bai fito sosai ba ne ta gode. Wannan sauƙin nata ya fi masa faɗa ciwo.

Ya zauna a bakin ƙofa ya rufe ido ya ce bari ya kalle ta a zuci. A nan ne tsoro na gaske ya kama shi. Muryarta tana nan garau, tana zuwa daga bayan kafaɗarsa ta hagu. Ƙamshin man da take shafawa yana nan, da nauyinta a bayan babur in sun sha kwana. Fuskar ce ta ƙi tsayawa. In ya kamo idanu sai baki ya gudu, in ya kamo baki sai ya ga na 'yarsa ne. Kwana tara kacal. Shekara talatin da huɗu tana bayansa, shi kuma idonsa ɗaya a rufe, ɗaya a cikin kyamara.

Washegari yana hanyar shago ya tuna da ranar rigima. Shekara goma sha biyu ke nan ko fiye. Ran nan matar ta roƙe shi ya ce gobe, ba ta yi dariya ba. Ya gyara kyamara, ya auna hasken sama, yana danna maɓalli sai ga ta ta ajiye lema ta shigo gaban kyamara ta tsaya ƙyam tana fuskantarsa. Ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya ce ta kashe masa hoto, kwana biyu bai yi mata magana ba sai da ita ta ba shi haƙuri. Bai wanke hoton ba. Ya sa almakashi ya yanke wannan ɓangaren fim ɗin ya jefa a gwangwanin da yake tara ɓatattu.

Gwangwanin yana ƙarƙashin teburin ɗakin duhu, ya yi tsatsa, sai da ya sa wuƙa ya buɗe. Ya zazzage a kan tebur, ya riƙa ɗaga guntayen fim ɗin yana dubawa a hasken taga. Can wajen azahar ya same shi. Ga tafki, ga rana, ga mutum a tsaye a tsakiya. Ya yi hamdala a fili, shi kaɗai a shago.

Ya shiga ɗakin duhu ya haɗa ruwan magani sabo, ya sa fim a inji, ya zaɓi takarda mafi girma da yake da ita. Da ya gama ya kunna fitila ya ɗaga takardar tana ɗiga.

Sama ta fito kamar a taɓa, ja da ruwan goro da wani shuɗi-shuɗi a can sama. Ruwan yana walƙiya. A tsakiya ga ta, ba a ko tambaya: ɗaurin ɗankwalinta ne mai karkata hagu, kafaɗarta ce, hannunta ɗaya a ƙugu. Amma baƙa ce wuluk daga sama har ƙasa. Ranar tana bayanta, shi kuma hasken sama ya auna, kamar kullum, ba na fuskar mutum ba.

Ya san wannan tun yana koyon aiki, amma ya ƙi yarda. Ya rage haske ya sake wankewa, sama ta kwashe, ita ta koma toka-toka, babu ido babu hanci. Ya sa yatsa ya tare wurin fuskar don haske ya rage sauka a kai, ya samu wani fili mai duhu-duhu kamar an goge allo. Ya ƙara girman hoton har kanta ya cika takarda. Ya sake, ya sake, har takardunsa suka kusa ƙarewa, warin magani ya sa masa ciwon kai. Daga ƙarshe ya ciro fim ɗin ya sa gilashin ƙara girma ya duba a taga. Wurin fuskar fayau yake, yana hango rufin shagon da ke tsallaken titi ta cikinsa. Abin da haske bai rubuta ba ran nan, babu gwanin da zai karanto shi yau.

Ya zauna a kujerar nan mai gurguwar ƙafa, wadda matarsa ba ta taɓa zama a kai ba, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne ta. La'asar ta yi, ta wuce. Babur yana jingine a waje, bai ko dubi sama ba.

Da safe 'yar ta gama ɗaure kaya, jaririyar tana goye tana barci. Ya fito da hoton farko, wanda ya fi kyau, ya busar da shi ya sa a ambulan mai kauri. Ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce iyakar abin da ke akwai ke nan, babu wani, kuma laifinsa ne.

Ta ciro ta matsa kusa da ƙofa inda haske yake. Ta daɗe tana kallo. Ta gane ɗaurin ɗankwalin, ta shafa shi da ɗan yatsa, ta ce haka Umma take tsayawa in ta shirya rigima. Har ta ɗan yi dariya, hawaye yana zuba. Sai ta karkata hoton, ta sake karkatawa, kamar fuskar za ta fito in an samu daidai wurin.

"Baba, kai kana wurin," ta ce. "Kai take kallo. Murmushi take yi a nan, ko fushi? In yarinyar nan ta girma ta tambaye ni, in san abin da zan ce mata."

Ƙarya ɗaya ta isa, kuma ba mai kama shi har abada. Ya buɗe baki zai ce murmushi. Ya koma bakin tafkin a zuciyarsa, ya sa ido a kyamara, ya nemo lokacin. Ya tuna komai: ranar saura kaɗan ta taɓa ruwa, wani siririn gajimare ya raba ta biyu, tsuntsaye uku suna wucewa ta dama.

"Ban duba ba," ya ce.

'Yar ta gyaɗa kai. Ta mayar da hoton cikin ambulan, ta sa a tsakanin zannuwan uwarta don kada ya lanƙwashe, ta ja zif ɗin jakar. A waje mai mota yana ta danna oda. Ta durƙusa ta yi masa sallama, ta ce ya riƙa cin abinci, ta ɗauki jakar ta fita.

Ya bi ta har ƙofa. A bayan ƙyauren lemar tana rataye a ƙusarta, inda aka bar ta.