Ɗakin Laure a Gonar Mijinyawa

Wata damina ce ta tona asirin ɗakin Laure. Azara biyu suka lanƙwashe, bangon gabas ya tsage har tana hango kajin maƙwabta, in ruwa ya sauko kuwa sai ta bi ɗakin da ƙore tana tarawa. Soro ne da marigayi mijinta, Malam Nasidi, ya gina mata a Kurugu shekara talatin da wani abu. A cikinsa ta haihu, a cikinsa ta yi takaba.

Da rani ya shigo, sai shawara ta rabu biyu. Ilu magini ya zo ya ƙwanƙwasa bangon da sanda, ya ce ginin na da sauran rai: a sauya azarar, a ɗaure tsagar, a yi sabon yaɓe, zai ƙara shekara ashirin. Ɗanta Bilya kuwa, tela ne a Rogo, ya gina gida mai rufin kwano, ya ware mata ɗaki har da siminti a ƙasa, ya aiko sau uku ta taho. Sai kuma Mijinyawa, ƙanin marigayi, wanda ba wanda ya nemi shawararsa, amma kullum sai ya leƙo ya tsura wa bangon ido, ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Yaya, wannan ɗaki ai ya gama aikinsa," in ji shi. "Ki bi ɗanki ki huta."

Laure ta ce, "Kai da ko indararo ba ka taɓa ɗaura mini ba, yau kai ne mai tausayina?"

A gaban kowa ta faɗa cewa za ta je Rogo ta yi kwana goma, ta gani da idonta, in ta dawo ta yanke. Kafin ta tafi ta sauke jerenta, tasoshi da kwanoni, ta haɗa da gadonta ta kai ɗakin maƙwabciyarta Tani, don kada rufi ya rufto musu ba ta nan. Ta ja ƙyaure ta ɗaure, ta taka zuwa Karaye ta hau motar kasuwa. Shekarar da aka canja hannun tuƙi ce, direban ma bai gama sabawa ba, Laure ta yi ta salati har Rogo.

Bilya da matarsa sun yi mata hidima, wannan ba ta da bakin musawa. Amma ɗakin kwanon nan da azahar ba ya zaunuwa, sai ta fito gindin katanga tana fifita. In ta ɗauki taɓarya a karɓe, in ta ɗauki tsintsiya a karɓe. Ba wadda ta santa da za ta leƙo su yi gulmar tsadar daddawa. Mace mai gidanta da awakinta ta koma baƙuwar da ake kawo wa tuwo a rufe. A kwana na takwas ta gama shawara.

"Bilya, Allah Ya yi maka albarka, ɗaki ya yi kyau. Amma gida zan koma, in sa Ilu ya gyara mini nawa."

Bilya bai ɗago daga keken ɗinkinsa ba. "Inna, ki ƙara ko sati ɗaya mana."

Ta ƙi. Washegari ta kama hanya, ana gab da la'asar ta shiga Kurugu.

Ba ɗaki. Ba bango, ba azara, ba ƙyaure. Daɓen da ta kwana a kansa shekara talatin yana shimfiɗe a rana, duk sawun jakai. Tani ta fito da gudu hannu a ka.

"Wallahi na yi magana, Laure! Mijinyawa ya ce an ba shi. Kwana huɗu jakunansa na jigila zuwa gona."

To, duk manomi ya san ƙasar tsohon bango, wadda ta sha hayaƙi shekara da shekaru, taki ce da ba ta da na biyu. Ashe abin da Mijinyawa yake kallo ke nan duk ranar da yake girgiza kai! Ba tsagar yake gani ba, dawarsa yake hange. Mutum ya dubi ɗakin matar wansa, tana raye tana numfashi a ciki, ya ga taki. Laure ba ta ko sha ruwa ba, ta bi ƙasar da ta zuba daga mangala har bayan gari.

Ga ɗakinta nan a gonar, tsibi-tsibi a jere, wasu ɓaraguzan har da farar ƙasar da ta shafa da hannunta. Mijinyawa na tsakiya da babbar ƙwarya yana watsawa. Da ya hango ta sai ya soma gaisuwa tun daga nesa.

"Yaya, sannu da hanya! Ya Rogo? Ya mutanen gida?"

"Riƙe gaisuwarka. Wa ya mutu da kake rabon gado?"

"Haba Yaya, ai gari kowa ya ga kin sauke jere. Mace ta sauke jere, ta fitar da gado, sai a ce ba tashi ta yi ba?"

"Kwana goma na ce. Kana wurin, da kunnuwanka biyu."

Mijinyawa ya ajiye ƙwaryar, ya share gumi, ya ga ba mafita. "To ni ba gaban kaina na yi ba. Bilya ne ya aiko ranar da kika isa. Ya ce in rushe, in kin ga ba wurin komawa za ki haƙura ki zauna."

Fushi da Mijinyawa abu ne mai sauƙi ga Laure, ta saba da shi tun tana amarya. Wannan kuwa a ƙirji ya same ta. Ɗan da ta haifa a ɗakin, yana kawo mata tuwo da hannu biyu, yana sane ana rushe shi. Hawaye ya taho, ta mayar da shi, don ba a gonar Mijinyawa za ta yi kuka ba.

Ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar, ta cika ta da ƙasa da hannunta, ta ɗora a ka.

"Yaya, me ke nan? Lodin jaki sittin ne fa!"

"Ɗaya-ɗaya zan kwashe. Ta gaban masallaci zan bi, duk wanda ya tambaye ni kuma zan gaya masa."

"Don Allah ki sauke, kada ki kunyata mu. Gobe zan sa jakuna..."

"Jakunanka sun yi nasu aikin."

Ta juya ta nufi gari, ƙasa na zubo mata a mayafi, maza na taruwa don la'asar. Da ta yi 'yan taku sai ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ka aika wa ɗan naka," in ji ta. "Ka ce uwarsa ta fara gini."