Salsalar Gidan Alhaji Yari

A Ƙofar Guga ba wanda bai san gidan Alhaji Yari ba, gidan da ba a raɗa wa jariri suna sai an jero masa kakanninsa tun daga Sahara. Yari ne mai jerowar, kuma wallahi ya iya! In ya gyara rawani ya fara, har mai raba goro mantawa yake da farantinsa. Zai faɗi yadda, a cewar magabatansa, dangogin Larabawa masu gaba da juna suka haɗu a bakin rijiya ɗaya a shekarar fari, suka sha nonon raƙuma a ƙwarya guda, suka tashi ƙabila ɗaya, har wani reshensu ya biyo ayari ya sauka Katsina.

To, tsufa ya zo. Tun da hawan jini ya kwantar da shi, sunaye suke zille masa. Ga shi an haifa wa ɗansa Amiru ɗan fari, shi kuwa Amiru bai taɓa zama ya haddace ba. Yari ya san in ya kakare a tsakiya, jikan nan ne zai zama na farko a gidan da aka yanke wa asali. Tsoro ya kama shi sosai, ko kunu ya kasa sha.

Ranar suna zaure ya cika, har ƙofar gida. Aka yi addu'a, Yari ya fara:

"Khalifa ɗan Amiru, ɗan Yari, ɗan Sadiq, ɗan Mudassir mai raƙuma, ɗan Jabir..."

Sai ɗif. Ya sake cewa "ɗan Jabir", gumi ya karyo masa. Innalillahi, babu komi a kansa.

Daga waje, inda aka ɗaure rago, sai muryar Babaji mahauci, maƙwabcin Yari, Bakatsine gaba da baya, wanda kullum yake tsokanarsa da Balaraben tuwo:

"Ɗan Mansur mai rijiya! Haba Alhaji, mi ka tsaya jira?"

"Ɗan Hamid!" in ji tela. Liman ya kawo na gaba, wanzami ya ɗora. Ashe shekara da shekaru unguwar nan tana sauraro, salsalar ta zauna musu a ka. Suka yi ta miƙa wa juna har suka kai ta bakin rijiyar nan, Yari na biye da su, hawaye na zuba kan gemunsa.

Da aka shafa fatiha ya sa aka kawo nono a ƙwarya. Ya kurɓa, ya miƙa wa Babaji da hannu biyu, sannan ya juya ga ɗansa.

"Amiru, gobe za ka zauna ka koya. Kuma in ka zo jero wa 'ya'yanka, ka sa da sunayen waɗannan maƙwabtan namu."