Bas Ba Tayoyi

Shekara ashirin da bakwai Mai Fenti ya yi yana rubuta allunan shaguna, ba a taɓa kiransa mai fasaha ba. Shi ya zana almakashin da ke ƙofar tela, shi ya zana ƙaton haƙorin nan da mutane ke kwatancen hanya da shi. Iyakar yabon da yake samu shi ne, "Ya yi, amma ƙara girman lambar wayar."

Sai ga ƙanensa, direban bas, wanda ko miƙaƙƙen layi bai iya ja ba, wai shi ne mai fasaha.

Shekara biyu da suka wuce direban ya yi hatsari, mutum uku suka rasu a motarsa, shi ko ƙwarzane bai yi ba. Tun daga nan ya daina tuƙi, barci ya gagare shi, magana ma sai an yi da gaske. Mai Fenti ne ya ɗauko shi ya ajiye a ɗakin bayan shagonsa, shi ya yi ta jigilar kai shi asibiti. Daga baya wata gidauniya ta buɗe ɗakin zane a asibitin, ta zuba takardu da kaloli, ta ɗauki malamar da ke taimaka wa marasa lafiya su sauke abin da ke cin ransu a kan takarda. Wata takwas da shigarsa ɗakin, direban ya koma cin abinci ba sai an lallashe shi ba, yana amsa gaisuwa, har an ji dariyarsa sau ɗaya. Likita ya ce a bi shi a hankali, sauƙin bai zauna da gindinsa ba tukuna.

Mai Fenti ya yi murna, ba za a yi masa ƙarya ba. Murnar ta kai shi har ranar da malamar ta shigo shagonsa da takarda a naɗe.

"Ranar Asabar gidauniya za ta baje kolin zanen ɗalibanmu," in ji ta. "Na ƙanenka aka zaɓa a sa a babban allon bakin ƙofa. Shi ya ce a kawo maka, wai babu hannu irin na yayansa."

Ya warware takardar. Bas ce ruwan ɗorawa, tagoginta wata ta fi wata, rufinta ya karkace, cikinta a ƙasa kamar kaza a kan ƙwai.

"Ina tayoyin?"

"Haka yake zana ta kullum. Don Allah ka kwafe ta yadda take, ko ɗigo kada ka ƙara."

"Sunan wa za a rubuta a ƙasa?"

"Nasa mana."

Abin ya tsaya masa a rai. Shi da ya ɓata farcensa da fenti tun yana saurayi, babu gidauniyar da ta taɓa leƙo shagonsa. Shi ya yi jinyar, amma kaloli aka gode wa. Yanzu kuma shi zai hau tsani ya girmama shirmen ƙanensa, ya rattaba masa suna da haruffa masu kyau. Bai tambayi ƙanen dalilin rashin tayoyin ba, ga shi kuwa bango ɗaya ne tsakaninsu. Mai ƙyashi ba ya son a ba shi dalili.

Kwana uku yana fama da allon. Kwafar karkataccen layi ta fi jan miƙaƙƙe wuya, hannunsa sai ya gyara, shi kuma ya goge yana tsaki. A rana ta uku ya ja da baya ya dubi bas ɗin, ya buɗe gwangwanin baƙin fenti. Ya yi mata tayoyi biyu, zagayayyu sumul, har da zanen roba da ƙyallin ƙarfe a tsakiya. Ya ce wa kansa rufa wa ƙanensa asiri yake yi. Gaskiyar ita ce so yake ko mutum ɗaya ya tsaya ya ce wannan wurin wani hannu ne daban.

Ranar Asabar ya kai allon a lulluɓe. Shugabar gidauniyar ta yaye ƙyallen, aka tafa.

"Ku dubi tayoyin nan," in ji ta. "Kamar yanzu za ta tashi."

Daɗi ya ratsa Mai Fenti har tafin ƙafa. Ya waiga ya ga ko wani ya gane aikinsa, sai ya haɗa ido da malamar. Ba ta tafa ba. Ta nuna masa ƙanensa da ido.

Direban na tsaye a gaban allon cikin sabuwar rigarsa, gumi na bin wuyansa. Ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa, ta ɗaga, ta sake dannawa. Birki yake takawa.

"Yaya," ya ce a hankali, bai juyo ba, "wata takwas na yi kafin na tsayar da ita. In na rufe ido ba ta motsi. Don me ka tayar da ita?"

Malamar ta kama hannun direban ta shige da shi ciki.

Mai Fenti ya ruga shago ya ɗauko fenti mai launin ƙasa, ya durƙusa a gaban baƙi yana shafe tayoyin, kunya da tsoro sun cika shi. Baƙin fentin ya ƙi ɓoyuwa, da'irori biyu suna leƙowa ta ƙarƙashin sabon shafin. Ya fi kowa sanin sai an yi shafi uku, kowanne kuma sai ya wuni kafin a ɗora wani.

Ya ɗaga kai ya hango ƙanensa ta tagar ɗakin zane. An ajiye masa farar takarda da fensir, bai taɓa su ba. Ya riƙe gefen teburin da hannu biyu, ƙafar nan tana ta danna ƙasa.